Rifitar gwanjo ta kamfani: mu saya wa ƙungiya ko mu haƙura?

Auwal Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin kuɗin ƙungiyarmu ta masu rediyon sha'awa su fita daga asusu. Wani kamfanin gina hanya ya gama kwangila ya tattara, dillalin da ya kwashi kayan sansaninsu ya sauke su a Ƙofar Ruwa. A ciki akwai rifita (na'urar da ke karɓar muryar oba-oba ta sake watsa ta nesa) Kenwood TKR-750, akwai Motorola GR300, akwai ƙaramar dufuleksa shafaffiya (mai raba ji da magana a kan eriya guda), da naɗin waya mai kauri da zai kai mita 40. Ya ce in kawo naira dubu 450 in kwashe duka. Kun san tun bara muke maganar kafa rifita a zangon mita 2 (megahaz 144 zuwa 146), don mai oba-oba na hannu a Gwammaja ya riƙa jin na Hotoro da na Kumbotso ba sai ya hau saman bene ba. Me kuka gani?

Nura Sola:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka kwashe kafin 'yan Alaba su ji labari. Kenwood ɗin kaɗai ta fi ƙarfin wannan kuɗin.

Baba Injiniya:
Nura, ka bi a hankali. Auwal ɗana, koma ka juya bayan Kenwood ɗin, akwai takarda manne kusa da inda wayar wuta ke shiga. Ɗauko mana hotonta. Haka GR300, ka buɗe murfin ka karanto lambar kowace rediyo da ke ciki. Kada ka yi ciniki sai mun ga wannan.

Auwal Gwammaja:
Baba ga shi na turo. Kenwood an rubuta K, megahaz 146 zuwa 174. Na cikin GR300 ɗin rediyon mota GM300 ne guda biyu, su ma dai 146 zuwa 174.

Baba Injiniya:
To, abin da nake gudu ke nan. Waɗannan akwatunan kamfani ba kamar oba-obar Baofeng ba ne da za ka danna lambar da ka ga dama ta bi ka. Kowacce an ƙera ta ne a kan wani yanki na zango. TKR-750 mai alamar K daga 146 ta fara, mai K2 ce ke ɗaukar 136 zuwa 150. GM300 ma gida biyu ce a VHF, wato babban zangon da mita 2 ke ciki, akwai 136 zuwa 162, akwai 146 zuwa 174. Mu kuwa nan Afirka muna yanki na ɗaya ne a rabon duniya, tare da Turai, kuma rabon masu rediyon sha'awa a wannan yankin daga 144 ne zuwa 146, ya ƙare. Rifita tana magana tsakanin 145.600 da kusan 145.790, tana saurare a ƙasa da haka da tazarar 600 kHz, wato daga 145.000. Ka ga inda akwatin nan ta fara, nan gonarmu ta ƙare.

Abin da ke ruɗin yara shi ne bidiyon mutanen Amurka. Su rabonsu ya kai 148, galibin rifitocinsu a 146 da 147 suke zaune, shi ya sa Ba'amurke zai ɗauko wannan K ɗin ya sa mata lamba ya rataye ya tafi barci. Kai ba haka ba ne.

Sagir Mai Gyara:
Baba, da girmanka, amma kada a tsorata Auwal. Megahaz ɗaya ne fa tsakani. GM300 mai 146 tana sauka 145 lafiya lau, dabarar ma sananniya ce: a manhajar sa lamba, ka danne maɓallin shift yayin da kake rubuta lambobin, sai ta karɓa. Kenwood kuma a buɗe ta a juya 'yan matattarar gaba na kunnenta, wato ɓangaren da ke saurare, zuwa ƙasa, a duba wutar da ke riƙe mita ta zauna a inda littafi ya ce. Na ga an yi, ta yi aiki.

Baba Injiniya:
Ban ce ba ta sauka ba, Sagir. Cewa na yi ba a yi ta don nan ba. A kan teburinka da fanka a kanta za ta sauka. Tambayar ita ce ranar da ɗakin kwano ya ɗauki zafin Afrilu, shin mitar za ta zauna ko za ta kuɓuce ta yi shiru? Wata tana zama, wata ba ta zama. Sai an gwada wannan ɗin takamaimai, da zafi, ba da labarin wata ba. Kuma juya matattaran nan da kunne ba ya yiwuwa, sai da na'urar da ke fitar da sigina mai auna.

Sagir Mai Gyara:
Wannan na yarda. Akwai ta a wurin wani abokin sana'a, zan aro.

Malama Rabi:
Ni duk kun bar babbar magana kuna ta ƙarama. Malam Auwal, wannan shafaffiyar dufuleksar da ka ambata, cire ta daga lissafi idan mita 2 kuke nufi. Ba za ta yi ba ko wa ya juya ta.

Bari in faɗi dalili don sababbin shiga. Rifita tana ji tana magana a lokaci guda, a kan eriya guda. Bakinta na fitar da wat 25, wato +44 dBm. Kunnenta kuwa yana ƙoƙarin kama muryar da ba ta wuce 0.25 µV ba, wato kusan -119 dBm. Bambancin ya haura 160 dB, a ma'aunin ƙarfin sigina. Kamar a ce ka saurari raɗar wani daga ƙarshen layi alhali maroƙi ya ɗora lasifika a kafaɗarka. Aikin dufuleksa shi ne ta raba su. Kamfanoni ana ba su mitoci biyu masu nisa da juna, megahaz 5 ko fiye, shi ya sa 'yar ƙarama take ishe su. Mu kuwa 0.6 ne kacal tsakanin ji da magana. A wannan ƙuncin sai manyan tuluna na ƙarfe, huɗu ko shida, kowanne tsawonsa ya haura rabin mita, waɗanda za su ba ka rabuwar 80 zuwa 90 dB. Irin su Wacom WP-641 ko Sinclair Q202. Su ne masu tsada, su ne masu nauyin dako, kuma su ne ba a cika samu a kayan gwanjon kamfani ba.

In aka haɗa da ƙaramar, ga abin da za a gani: mutum daga Kumbotso zai danna, rifita ta ji shi ta buɗe, da bakinta ya kunna sai kunnenta ya toshe, ta rufe, ta sake jinsa, ta sake buɗewa. Ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf, ba kalma ɗaya da za ta wuce. Na kusa za su ce ai tana aiki, don su ƙarfinsu ya isa. Alhali su ba su ma buƙatar rifita.

Nura Sola:
Malama, to a sa eriya biyu mana, ɗaya ta ji ɗaya ta magana. An huta da tuluna.

Malama Rabi:
A tazarar 600 kHz sai ka jera su ɗaya a saman ɗaya da nisan mita gommai a kan turke guda, kuma duk da haka yawanci sai an ƙara tulu ɗaya ko biyu a kowane ɓangare. Turken wa za ku hau? In gefe da gefe ne a kan rufi ɗaya, ɓata waya ne kawai.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Kano. Ina biye da ku. Mu nan abin da muka lura, masu zuwa Katako a Yamai neman kayan ga, duk idonsu shina kan akwatin, ba mai tambayar tulunan. Sau da yawa ma 'yan gwangwan sun riga sun fasa su don jan ƙarfen da ke ciki. In kun ga masu rai, ku saye su ko da babu rifita, ita tana samuwa ko yaushe. Amma ni tambayata, mi ya sa dole sai mita 2? Ku koma santimita 70 mana.

Baba Injiniya:
Madalla da ɗan'uwa na Maraɗi, maganar da nake shirin kawowa ke nan. A santimita 70 rabonmu 430 ne zuwa 440, fili ne mai faɗi. Akwai tsarin da ake bi a yankinmu mai tazarar megahaz 7.6, rifita ta yi magana a 438 da ɗoriya ko 439, ta saurara a 431. A wannan tazarar shafaffiyar dufuleksa ta UHF, wato babban zangon da santimita 70 ke ciki, tana yi, in dai zangonta ya sauko nan. Har ma GM300 ta UHF ta dace kamar da gangan: mai 438 zuwa 470 ta zama baki, mai 403 zuwa 433 ta zama kunne, babu wadda aka tilasta wa fita gidanta. Eriya ƙarama, tuluna ƙanana, kuma a cikin gari mai bene da kwano UHF ba ta da laifi.

Sagir Mai Gyara:
Amma Baba kayan da ke ƙasa VHF ne. Kana cewa a bar na hannu a tafi neman wanda ba a gani ba. Kuma in mun fita wajen gari, hanyar Wudil ko Bichi, mita 2 ta fi nisa, waya ma ba ta shan ƙarfinta kamar UHF.

Baba Injiniya:
Nisa tsayi ne ke kawo shi, ba zango kaɗai ba. Ɗauki tsayin eriya da mita, fitar da tushensa (square root), ninka da 4, ka sami kilomita a gwargwado. Eriya a mita 30 za ta ba ka kusan kilomita 22, ƙara 5 ko 6 na mai tsaye da oba-oba a hannu. Ko ka sa wat 100 ba za ka lanƙwasa ƙasa ba. Ƙarin ƙarfi ma illa yake: rifita ta riƙa kai murya inda ba ta iya jin amsa. Mutanen Jos da Allah Ya ɗora a kan tudu, wat 10 a kan dutse ta fi naku 50 a kan rufin shago.

Auwal Gwammaja:
To ita GR300 ɗin fa? Ko ita za mu fara da ita tunda Sagir ya san dabararta?

Sagir Mai Gyara:
A nan kam ni ma ba zan kare ta ba. GR300 rediyon mota ne guda biyu aka zuba a akwati aka haɗa su da ɗan allo. Rediyon mota an yi ta ne direba ya ce "ina hanya, oba" ya saki. Mu kuwa in aka fara hira bayan Isha'i sai bakin rifita ya yi awa bai huta ba, don kowa ya saki wani ya danna. A wat 45 za ta dafa kanta, dalmar ƙafar babban tiransista ta narke. Wadda duk aka kawo mini irin wannan, in na buɗe sai in tarar allon wurin ya yi baƙi-baƙi, dalmar ta tsage zobe. In dole ne a sauke ta zuwa wat 15 ko 20, fanka na busa bayanta kullum. Sannan sa mata lamba wani aiki ne: manhajarta ta zamanin DOS ce, tana son tsohuwar kwamfuta mai tafiyar hawainiya da ramin waya na da, da ɗan akwatin haɗi na Motorola. In ka gwada da sabuwar laftof tana iya yankewa a tsakiyar rubutu, rediyon ta zama bulo.

Kenwood ɗin kuwa rifita ce ta asali. Wat 25 tana yinsa dare da rana, 50 rabi da rabi. Tana aika lambar kira da kanta da harshen Mos (Morse), tana da sautin mabuɗi, tana yin zango mai faɗi da siriri duka. Kuma volt 13.6 take ci kai tsaye daga batir. In za a sayi wani abu a tarin nan, ita ce.

Nura Sola:
Wannan na ƙarshen ne ya shafe ni. Tunda batir take ci, kada wanda ya kawo maganar inbata. Inbata ɓarnar wuta ce, kuma masu arha suna zuba ƙara a kunnen rediyo. Lissafi sama-sama: tana zaune tana jira, a ce amfiya 1, awa 24, 24 ke nan. Tana magana a wat 25, a ce amfiya 8, awa 3 a rana, wani 24. Kusan amfiya-awa 50 a yini. Batir mai amfiya-awa 200 da farantin sola mai wat 300 sun riƙe ta har da kwanakin hazo, in ana share ƙura. Sai dai kwantirolar caji ma a zaɓa, wasu suna da ƙara, a gwada da rana tsaka ana saurare.

Ɗan Maraɗi:
Ƙari a kan maganar kuran, wato wutar lantarki. Wanda zai yi odar tsoffin manya daga Amurka, ya duba da kyau. Tun da hukumarsu ta tilasta wa kamfanoni komawa siririn zango daga 1 ga Janairun 2013, kayan faɗi suka cika kasuwa da arha, har yau ana ganinsu. Amma da yawa wutar 120 suke ci mai bugu 60, mu tamu 230 ce mai bugu 50, kuma wasu tsoffin tiransifoma na Motorola ba su yarda da canjin bugun ba ko ka sa mai rage wuta. Ga nauyi, kuɗin jirgi ya fi kuɗin kaya.

Baba Injiniya:
Haka ne. GE MASTR II, wadda dattawan can ke yabo, kunnenta har yau da wuya a samu kamarsa, amma da ƙanƙarar kiristal take aiki, kowace mita sai an yanko mata tata. Kamfanin International Crystal da aka fi dogara da shi ya rufe a 2017. Wanda yake da hali ya nemi Motorola MTR2000 mai wat 40, ita daga 132 zuwa 174 take ɗauka a VHF, babu maganar gida-gida. Mai wat 100 ce ta rabu biyu, kuma volt 28 take so in za a ba ta batir.

Kwamanda:
Jama'a ku yi haƙuri in shigo. Ni abin da ya sa na biyo zancen, a garinmu 'yan sintiri na fama da rashin sabis. Kun tuna 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, mutane sun ga ta kansu. In kun kafa wannan, ba za a ba yaranmu tasha ɗaya a kai ba? Ko ku haɗa mana irinta, mu ma akwai Baofeng a hannun kowa.

Shugaban Zaure:
Kwamanda, Allah Ya tsare ku, kowa a nan ya san halin da ake ciki. Amma amsar ita ce a'a, kuma gara ka ji ta a fili. Zangon masu sha'awa na masu lasisi ne, kowa da lambar kiransa, namu na Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar 5U. Ba a kasuwanci a kai, ba a ɓoye magana, duk mai rediyo yana jin abin da ake faɗa. Wannan na ƙarshe kaɗai ya isa ya nuna maka bai dace da aikinku ba, don wanda kuke tsaro dominsa shi ma da dubu kaɗan zai sayi irin oba-obarku ya zauna yana saurare. Ku nemi mitarku ta hanyar hukuma tare da jami'an tsaron yankinku. A lokacin ma wannan K ɗin da shafaffiyar dufuleksar sun fi dacewa da ku fiye da mu, don dama irin aikin aka ƙera su.

Kwamanda:
Takarda a ƙasar nan sai ta shekara. Mutane na mutuwa ana maganar lasisi.

Malama Rabi:
Ba wanda ya raina maganarka, Kwamanda. Amma ka duba ta ɗaya gefen. A yau in aka tsayar da mutum a shingen bincike da oba-oba babu takarda, ka san tambayar da za ta biyo baya. Ranar da aka ji muryar da ba a sani ba a kan rifitar ƙungiya, eriyar za a sauke, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi za a nema. Ba za mu iya ɗauka ba.

Kwamanda:
Na ji. Ban gamsu ba, amma na ji.

Shugaban Zaure:
Tunda an taɓo takarda, Auwal, abu biyu. Na farko, dillalin ya ba da rasiti mai lambar jikin kowace na'ura, in da takardar gwanjon kamfanin ma ya kawo kwafi. Ana kwance kayan turakun sadarwa da dare a ƙasar nan, ba ma son na wani ya kwana a ɗakinmu. In an kankare lambar jiki, ko kyauta ce a bar masa. Na biyu, kada kowa ya danna ta kafin a karanta abin da ke cikinta. Mitocin kamfanin suna nan a ƙwaƙwalwarta, mai yiwuwa yanzu an ba wani. A karanta, a ajiye kwafi, a goge, sannan a sa namu. Maganar izinin kafa rifita da mitar da za mu zauna a kai kuma ni zan bi, zan tuntuɓi mutanen NARS, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, kafin mu sa ko da ƙusa ɗaya.

Sagir Mai Gyara:
Auwal, wayar nan mai kauri, yanko mana hoton bakinta. In ka ga bututun jan ƙarfe mai ƙunya-ƙunya a ƙarƙashin baƙar robar, Heliax ce, ita kaɗai ta biya wani kaso na kuɗin. In kuwa saƙar zare ce a kan takardar alminiyam irin LMR-400, ba ta rifita ba ce. Ƙarfe biyu ne mabambanta ke gogar juna, in ta kwana biyu iska na kaɗa ta sai ka ji ƙaraf-ƙaraf a kunnen rifita duk lokacin da bakinta ya kunna.

Auwal Gwammaja:
Bututu ne mai ƙunya, an rubuta LDF4-50A a jiki. Sai dai bakin ɗaya a buɗe yake, cikin ya yi kore, da na karkata shi ruwa ya ɗigo.

Baba Injiniya:
Rabin inci ce, mai kyau. A yanke daga bakin nan ana bi har inda kumfar ciki ta koma fara tas, jan ƙarfen na ƙyalli, sannan a auna asararta. In an lanƙwasa ta ta karye a tsakiya za ka ji wurin da hannu, bi ta taku-taku. Kawunanta ma kuɗi ne, ka tambaye shi ko suna cikin tarkacen. Kuma tun yanzu a sa sandar ƙasa da makarin tsawa a kasafi, kada a bari sai hadarin farko ya taso.

Nura Sola:
To a taƙaice a saya ko kar a saya? Kun sa kaina ya yi zafi.

Malama Rabi:
Ni dai ra'ayina a raba cinikin. Kenwood da waya, bisa sharaɗin gwaji. GR300 in ya sauko sosai a ɗauka, GM300 biyun za su yi wa mutum biyu rediyon gida. Dufuleksar a bar masa. Kuma kada a ce wa 'yan ƙungiya rifita ta kusa, don ba ta kusa ba sai ranar da tuluna suka samu. Ƙaramar na'urar awon nan, NanoVNA, da Sagir ke taƙama da ita za ta kai mu kusa wajen juya su, amma rabuwar 90 dB ba ta iya auna ta, sai an nemi babbar na'ura.

Ɗan Maraɗi:
Kafin tulunan su samu, ku yi ta ƙetare mana. Ji a mita 2, magana a santimita 70. Ba ta son tulu ko ɗaya, kuma oba-obar kowa tana da zango biyu.

Sagir Mai Gyara:
Wannan ba rifita ba ce, dabara ce. Mai rediyo mai zango ɗaya ka fitar da shi ke nan.

Baba Injiniya:
Su nawa ne masu zango ɗaya a cikinku? Ni da kai ne, Sagir, kuma ni na yafe.

Auwal Gwammaja:
Na yi magana da dillalin. Ya yarda a gwada a shagonsa ranar Asabar bayan Azahar, amma ya ce ba za a fita da ita ba sai an biya, kuma in an raba kaya farashin Kenwood zai hau. Rasiti ya ce babu matsala.

Sagir Mai Gyara:
Zan zo da batir, da ma'aunin wat, da eriyar ƙarya (mai shanye sigina don kada ta fita iska) mai ɗaukar wat 50, da kebul ɗin Kenwood. Auwal, duba mini ko siga ta ɗaya ce ko ta biyu, manhajarsu ba ɗaya ba ce. Za mu sa ta a 145.700 mu bar ta tana magana rabin awa a rufe, mu ga ko mitar za ta zauna. Wani ya taho da na'urar busar gashi don a ƙara mata zafi.

Malama Rabi:
Akwai tawa, Auwal ya biyo ya karɓa. A dawo mini da ita.